Manomi da Ɗaurewar Fitsari: Yadda Ake Haɗa Kuɗin Tiyatar Furostet a Jalingo

Furostet wani ɗan ƙullutun nama ne da maza kaɗai ke da shi. Yana zaune a ƙasan mafitsara, ya kewaye bakin hanyar da fitsari ke bi ya fita, aikinsa kuwa samar da wani sashe na ruwan maniyyi. A jikin saurayi bai wuce girman goro matsakaici ba, nauyinsa kamar giram 20. Daga shekara arba'in zuwa sama sai ya soma ƙara girma a hankali, kuma da yake ta tsakiyarsa hanyar fitsari ta ratsa, girman nan yakan matse ta. Kusan rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 da 60 suna da wannan kumburi, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa ana samunsa a jikin kusan tara cikin goma. Ba dukansu yake damu ba. Wani yakan yi tsufansa ya gama bai san yana nan ba, wani kuma ya hana shi barci, ya raba shi da gona, har ya kai shi gaban likitan tiyata.

Shekaru ne ke kawo shi, tare da sinadarin testosteron da ke jikin kowane namiji. Ba sammu ba ne, ba ciwon sanyi ba ne, kuma yawan kusantar iyali ko ƙarancinta ba su da hannu a ciki, duk da abin da masu tallar magani ke faɗa a kasuwa. A watan Janairun 2024 fadar Ingila ta sanar cewa za a yi wa Sarki Charles na Uku aiki saboda wannan kumburin, yana da shekara 75. Cutar ɗaya ce. Abin da ya raba sarkin da manomin Lau ko na Yorro a jihar Taraba shi ne nisan asibiti da kuɗin jinya.

Alamomin suna zuwa sannu a hankali. Mutum yakan fara tashi fitsari sau uku, sau huɗu a dare. In ya tsuguna sai ya jira, in ya fito kuma ba ƙarfi, yana yankewa, sai da yunƙuri. Ya miƙe yana jin da saura, wani lokaci ɗigo ya ɓata masa wando. Dattijon ƙauye ba ya lissafa wannan cikin ciwo. Tsufa ne, in ji shi, kuma ko ya dame shi ba magana ce da zai yi da 'ya'yansa ba, balle surukansa. Daga wannan kunyar asarar kuɗi ke farawa, domin a wannan mataki ƙwayoyi kaɗai kan riƙe mutum shekaru. Akwai tamsulosin, mai sassauta tsokar bakin mafitsara, wanda ake ganin amfaninsa cikin 'yan kwanaki, ko da yake yakan sa jiri in mutum ya miƙe farat ɗaya. Akwai finasteride da dutasteride, masu rage girman ƙullutun kansa, su kuwa sai an yi kamar wata shida ana sha kafin aikinsu ya bayyana. Da yawa daga cikin manoma ba sa isa asibiti a wannan lokacin. Kuɗinsu na farko yakan tafi wurin mai lasifika a ranar kasuwa, da kemis ɗin bakin titi da zai haɗa musu maganin sanyi.

Abin da ke fito da maganar fili shi ne ranar da fitsari ya ɗaure gaba ɗaya. Sau da yawa akwai abin da ya tunzura shi: wasu magungunan mura, tiramadol, giya, taurin bayan gida, ko riƙe fitsari a doguwar tafiya. Mara ta kumbura ta yi tauri, zufa ta karyo, zama ya gagara, kwanciya ta gagara. A haka za a ɗora dattijo a babur, wani ya riƙe shi ta baya, ko a sa shi a kwalekwale a ƙetare Binuwai in daga Karim Lamido aka fito. A asibiti za a zura masa roba ta hanyar fitsari har cikin mafitsara, fitsarin da ya fi lita ɗaya ya sauka cikin jaka, nan take ya samu sa'ida. Ya kamata iyali su san cewa wannan hali na gaggawa ne, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Ya kamata su kuma san cewa robar ba ta warkar da komai ba. Hanya kawai ta buɗe. Wasu akan ɗora su kan magani a cire robar bayan 'yan kwanaki su ci gaba da fitsari da kansu. Waɗanda abin ya sake ɗaurewa, su ne ake ce wa sai aiki.

Daga nan ne dattawa da yawa ke shiga zaman da ya fi kowanne cin kuɗi, wato zama da roba ana jiran a samu na aiki. Robar da aka fi samu tana buƙatar canji duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Kowane canji yana da kuɗin motar mutum biyu, zuwa da komowa, da kuɗin sabuwar roba da jaka da safar hannu da man zurawa, sau da yawa har da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mai robar yakan ɗaure jakar a cinya ko ya rataye ta a ƙarƙashin babbar riga, hannunsa ɗaya kullum yana dafe da wurin kada ta fizge. Ba ya iya sunkuyawa ya yi noma yadda ya saba. Tsoron wari yakan sa ya janye daga sahun masallaci ko kujerar coci, ya daina zuwa ɗaurin aure da zaman makoki, alhali malaman fiƙihu sun yi sauƙi ga mai lalurar fitsari a sha'anin alwala da salla. In zaman ya yi tsawo sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, zazzaɓi ya riƙa dawowa, tsakuwa ta taru a mafitsara, fitsari ya riƙa zuwa da jini. Wanda ya daɗe mafitsararsa ba ta saukewa sosai kuma, matsin yakan hau sama ya taɓa ƙoda. Wanda ya shekara ɗaya ko biyu a haka zai iya kashe abin da ya kusa kuɗin aikin, a tsintsinke, aikin kuma yana nan yana jiransa, da jikin da ya fi na da rauni.

Yanayin jihar ma yana ƙara nauyin. An ƙirƙiri Taraba ranar 27 ga Agustan 1991 daga tsohuwar jihar Gongola, tana da ƙananan hukumomi 16, kuma tana cikin jihohi mafiya faɗin ƙasa a Najeriya. Manyan asibitocin gwamnati biyu da ake tura masu buƙatar babbar tiyata suna Jalingo: Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha. Akwai asibitocin gwamnati a garuruwa irin su Wukari, Takum, Bali, Zing da Gembu, amma likitocin da suka ƙware a tiyatar hanyar fitsari kaɗan ne a faɗin ƙasar nan, kuma a manyan birane suka fi taruwa. In lamari ya yi tsauri akan tura majinyaci Yola, Gombe ko Jos. Wanda ya sauko daga tsaunin Mambila kusan yini guda zai yi a hanya kafin ya ga Jalingo, kuma karyewar gadar Namnai a daminar 2024, a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, ta nuna yadda gada ɗaya kan raba majinyacin kudancin jihar da asibiti.

Kafin a yi maganar aiki akwai gwaje-gwaje, kuma nan ne mai taimako kan yi kuskuren son tsimi. Likita zai taɓa furostet ɗin da yatsa ta dubura, abin da dattawa ke ƙyama ƙwarai, amma minti ɗaya ne, kuma yana gaya wa likita girmansa da laushinsa ko taurinsa. Za a yi gwajin jini na PSA, da hoton mara da ƙoda, da gwajin fitsari, da na aikin ƙoda, a auna yawan jini da suga da hawan jini. Dalilin duk wannan shi ne ba kowace wahalar fitsari ce kumburin furostet ba. Tsukewar hanyar fitsari da ta biyo bayan tsohon ciwon sanyi ko rauni tana kama da shi, aikinta kuma daban. Ciwon suga yana tada mutum fitsari da dare. A garuruwan bakin kogi tsargiya tana kawo fitsarin jini. Mafi muhimmanci, akwai sankarar furostet, wadda ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya. Kumburin tsufa ba ya rikiɗewa ya zama sankara, amma su biyun suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya, kuma in an yi zarginta sai an tsinko ɗan nama an duba, domin jinyarta wata hanya ce dabam. Kuɗin gwaji shi ne kuɗin da ke hana a biya wa mutum aikin da ba nasa ba.

Aikin kansa iri biyu aka fi sani. Na farko shi ne a tsaga ƙasan cibiya a shiga a ɓanɓaro naman da ya toshe hanya. Tsohuwar hanya ce, wadda likita Peter Freyer ya yaɗa a Landan tun 1900, kuma har yau ana yawan yin ta a asibitocin Najeriya, domin ba ta buƙatar na'ura mai tsada, kuma ta dace da furostet ɗin da ya haura giram 80, irin wanda masu zuwa a makare kan zo da shi. Yawanci allurar kashe jiki ake yi a gadon baya, mutum yana farke. Bayan aiki za a riƙa wanke mafitsara da ruwan leda dare da rana har jini ya tsaya, kwanciyar kuma takan kai mako guda ko fiye. Na biyu shi ne wanda likitoci ke kira TURP, inda ake zura na'ura ta hanyar fitsari a kankare naman ba tare da an tsaga ciki ba. Kwanciyarsa 'yan kwanaki ce, zubar jininsa kaɗan, sai dai ba ko'ina ake da na'urar ba. Zaɓi tsakaninsu na likita ne, gwargwadon girman ƙullutun da ƙarfin jikin mai shi.

Kuɗin aikin ba dunƙule guda ba ne, shi ya sa iyalai da yawa ke tara abin da aka ce musu shi ne kuɗin tiyata, su iso asibiti, kuɗin ya ƙare a rana ta uku. Bayan kuɗin ɗakin tiyata da na mai allurar kashe jiki, akwai kuɗin gado, da magunguna, da ledojin ruwan wanke mafitsara waɗanda ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, da roba ta musamman mai baki uku, da kuɗin duba naman da aka cire. Akwai jini: akan nemi a tanadi leda biyu ko makamancin haka, kuma ko dangi ne suka bayar sai an biya kuɗin tantancewa. Sai abincin majinyaci da na mai jinya, da sufuri, da komowa ganin likita bayan sallama. Jimillar takan shiga ɗaruruwan dubban naira ko a asibitin gwamnati, a na kuɗi kuma ta fi haka. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin mota da na magani sun tashi tare, ta yadda ƙiyasin da aka bayar watanni uku baya ba lallai ya tsaya yau ba.

Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da iyalansu yake fitowa. Manomi kuwa ba shi da albashi; dukiyarsa tana rumbu, ko turke, ko gonar kanta. In ciwo ya matsa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanyoyin da suka rage masa duk masu ciwo ne. Zai iya karɓar bashin ba-da-kaka, wanda manoman Taraba suka sani sarai: ɗan kasuwa ya ba shi kuɗi yanzu, ya biya da buhunan masara ko shinkafa da kaka, a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa nesa. Zai iya kai shanun huɗa kasuwar Iware, ya sayar a gaggauce ga dillalin da ya karanta matsuwar a fuskarsa. Zai iya jinginar da gona. Kowace daga cikinsu tana biyan kuɗin asibiti ne da abincin baɗi, kuma taimako na gaskiya shi ne wanda ya tsare mutum daga waɗannan ukun.

A takarda akwai mafita. Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu, ciki har da tsofaffi. Taraba tana da hukumar inshorar lafiya tata. Amma inshora ba a ranar da fitsari ya ɗaure ake nemanta ba: akwai rajista, akwai lokacin jira kafin ta fara aiki, akwai kuma takardar tura majinyaci daga ƙaramin asibitin da ya yi rajista zuwa babba. Ɗan da ke aiki a birni, in ya yi wa mahaifinsa rajista tun yana tashin dare kawai, ya kuma tambayi abin da tsarin ya ɗauka na tiyata da abin da bai ɗauka ba, ya yi masa abin da ya fi buhun shinkafar salla.

Inda babu inshora, haɗa kuɗi yana da tsarin da ya fi dacewa a bi. Farko a nemi ƙiyasi a rubuce daga asibiti, dalla-dalla, a ƙara wani abu a kai saboda abin da ka iya tasowa. A tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya, wanda manyan asibitocin gwamnati ke da shi, domin ma'aikatansa ne ke tantance marasa ƙarfi su nema musu rangwame ko su haɗa su da masu taimako. Mutanen ƙauye da yawa ba su san da shi ba. Sannan dangi su zauna, kowa ya faɗi abin da zai iya, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma na waje ya fi sakin hannu in ya ga na gida sun fara. A naɗa mutum ɗaya amintacce ya riƙe kuɗin, ya rubuta shiga da fita, a riƙa biya kai tsaye a wurin karɓar kuɗi na asibiti ana adana rasit. Kuɗin da ya kwana a gida yana da masu nema da yawa: taki, kuɗin makaranta, biki, mai maganin da ya yi alkawarin narkar da ƙullutun cikin kwana bakwai.

Hanyoyin da al'umma ta gada sun isa su ɗauki babban kaso in an karkata su wannan wajen. Zakkar amfanin gona ɗaya cikin goma ce ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da wahala, kuma matalauci da wanda bashi ya danne suna cikin masu haƙƙi a kanta. Zakkar manyan manoma biyu ko uku a gari ɗaya, in an haɗa ta wuri guda maimakon a rarraba mudu-mudu, za ta iya fitar da dattijo ɗaya daga roba a shekara. Coci-coci suna da baiko na musamman domin marasa lafiya. 'Yan adashi sukan ba wa wanda lalura ta samu ɗauka kafin layinsa. Ƙungiyoyin manoma da na 'yan gari mazauna Jalingo sukan taimaka da masauki da abinci, su kuma tara matasa masu ba da jini, wanda shi kaɗai sauƙi ne babba. Akwai kuma aikin jinya kyauta da gidauniyoyi ke ɗaukar nauyi lokaci zuwa lokaci; Gidauniyar T. Y. Danjuma, da aka kafa a 2009, ta daɗe tana tallafa wa ayyukan lafiya a jihar. Irin wannan dama in ta zo a kama ta, a kuma tambayi wanda zai duba majinyacin bayan baƙin likitocin sun tafi. Amma bai dace a bar mutum da roba ana jiran ranar da ba a sanya ba. Masu neman taimako ta Facebook da WhatsApp kuma su nemi yardar dattijon tukuna. Takardar asibiti ta isa shaida. Ba sai an nuna shi da jakar fitsari a hannu ba.

Lokacin aikin ma wani ɓangare ne na kuɗinsa. In babu gaggawa, kuma likita ya yarda, rani ya fi dacewa da manomin damina: an gama girbi, hanyoyi sun bushe, akwai abin sayarwa, kuma zai warke kafin sharar gona. Da kaka farashin hatsi yakan faɗi, don haka in dangi za su iya ranta masa kuɗin ba ruwa, ya riƙe buhunansa zuwa lokacin da kasuwa ta ɗaga, buhunan da za a sayar za su ragu. Mai noman shinkafar rani a fadamun Binuwai kuwa nasa lissafin daban ne, sai a duba tsakanin girbi da shuka.

Bayan sallama akwai mako shida da ba a so ya ɗauki kaya mai nauyi, ko ya riƙe garma, ko ya yi doguwar tafiya a babur, domin wurin na iya sake zubar da jini. Zai riƙa shan ruwa sosai, ya guji taurin bayan gida. A nan gayya take da amfani fiye da kuɗi, domin manomin da ya ga ciyawa na cin gonarsa ba zai zauna ba, kome likita ya ce. Akwai kuma abin da ya kamata a gaya masa tun kafin aiki, shi kaɗai, ba a gaban 'ya'ya ba: mafi yawan maza suna ci gaba da kusantar iyali kamar da, amma sau da yawa maniyyi yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito, abin da ba ya cutarwa amma yana rage yiwuwar haihuwa. Ɗigon fitsari na 'yan makonnin farko yakan tsaya da kansa. Sakamakon naman da aka cire kuwa dole a koma a karɓa, ko da jiki ya yi daɗi, domin wani lokaci a nan ake gano sankarar da gwajin farko bai nuna ba. Kuɗin wannan komowar ya kamata a ware shi tun ranar da aka fara tarawa.

Duk mai uba, ko kawu, ko baffa a ƙauye da ya haura shekara hamsin, ya samu wani dattijo tsaransa ko ma'aikacin lafiya namiji ya tambaye shi sau nawa yake tashi fitsari da dare. In ya kai uku, ko yana yunƙuri kafin ya fito, a kai shi asibiti tun yana zuwa da ƙafarsa.